Kakana Saje da Kunnen da Igwa Ta Cinye

Ranar da kakana na wajen uwa ya rasu, gidanmu na Shagari ya cika har bakin hanya, kuma duk wanda ya shigo da ƙarfi yake magana. Mata na rangaɗa sallama tun daga zaure kamar masu kiran wanda ke tsallaken gulbi. Wata ƙanwar marigayin da ta zo daga Mandera ta durƙusa gaban kakata ta ce, "Ya haƙuri?" da muryar da ta sa kajin gidan suka watse.

Kakata ta ce, "Da godiya. Amma ki sassauta, wanda kuke ɗaga ma muryar ya tahi."

Sai ɗakin ya fashe da dariya, daga dariyar kuma aka zarce da kuka. Ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru duk mai shiga gidan nan sai ya share maƙogwaro tun daga waje, don maigidan kurma ne, ko in ce saura ƙiris.

Na leƙa ta zaure na ga maza. Amininsa na Dandin Mahe, wanda suka yi soja tare, yana zaune da sandarsa a cinya yana gaya wa jama'a, "Shekaranjiya na zo duba shi, ya ce mani da sauƙi. Mutumin ga ko kai anka cire mai, ka ce ya jiki, da sauƙi za shi ce." Can gefe kuma, bayan itacen dogon yaro, wani saurayi ɗan maƙwabtanmu ya haɗa kai da gwiwa yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwar. Zan zo kan labarinsa.

Bayan sadakar bakwai kawuna ya ce ya kamata wani ya rubuta wani abu a kan Baba kafin a manta. Kowa ya juyo ya dube ni, wai tunda bakina ba ya rufuwa, a gwada hannuna. To ga shi.

Gari na kiransa Saje. Ni Tsoho nake ce masa, matarsa kuma Tsohuwa, kuma babu wanda ya isa ya hana ni, don jika da kaka ba a shiga tsakaninsu. Ni ce jikarsa ta fari, ɗiyar ɗiyarsa ta fari. A Bodinga aka haife ni, kuma da murya na zo duniya. An ce ranar da na faɗo, ladanin unguwarmu ya aiko a tambaya ko an zo ƙwace masa aiki ne. Da na isa shiga makaranta, Tsoho ya zo Bodinga ya tarar ana yi mini faɗa na tashi jaririn maƙwabta daga barci, gida uku tsakaninmu. Wata mata na cewa, "Ɗiya mace da wagga murya, wa za shi aure ta?"

Tsoho ya dubi bakinta ya gane abin da ta ce. Ya ce, "Ni. Duk Sakkwato ita ɗai nika ji. Ku haɗa mata kayanta."

Haka na koma Shagari, ya sa mini suna Lasifika. Aikina in tsaya a gefensa na dama, inda kunnen ke da sauran rai, in isar da saƙo. Aiki ne mai albarka. In Tsohuwa ta ce a sayo daddawa, ni nakan isar da cewa a sayo daddawa da tsire. Ya san ina yi. Yakan miƙo tsiren ya ce, "Wagga Tsohuwa da ba ta da haƙori, ban san inda take kai nama ba."

Tsoho ba ya zama sai ya jingina da bango, don kada a zo masa ta baya. In kana magana ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo, har baƙi su tsargu su fara goge leɓe. Wannan ya ba shi makamin da babu wani magidanci a Shagari mai irinsa: in Tsohuwa ta fara masa faɗa, sai kawai ya rufe ido. Shi ke nan, an kashe rediyo. Tsohuwa ta yi ta yi, daga ƙarshe ta ce, "Ke, zo ki hwaɗa mai." Ni kuma in zo in kwarara masa a kunne, unguwa duka ta ji cewa ya sake ba da aron garma ba a dawo da ita ba. Gidanmu ba a taɓa yin faɗan sirri ba.

Albasarsa a fadama da igiya yake jera ta, in ɗaya ta kauce layi sai ya tumɓuke ta ya sake dasawa. Awakinsa ma na rantse da sahu suke fita. Yana da magana ɗaya da duk jikokinsa suka haddace, wadda yake yi in ɗayanmu ya zo yana kukan tuntuɓe: "Ciwo baƙo na. In ka shimhiɗa mai tabarma, kwana za shi yi."

Amma ban taɓa jin ya gaya wa saurayin nan na maƙwabta wannan maganar ba. Yaron ya shiga soja, aka kai shi daji, ya dawo ba ya son mutane. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Mutane suka yi ta ba shi shawara, wasu rubutu, wasu hayaƙi, wasu aure. Tsoho kuwa kullum bayan la'asar sai ya ɗauki tabarma ya je ƙarƙashin dogon yaro ya zauna kusa da shi. Ba ya cewa komai. Na ce, "Tsoho, in zo in yi muku tafinta?" Ya ce, "Ke dai zamna gida. Wanga zance ba ya son lasihika." Damina guda suna wannan zaman kurame. Ranar da yaron ya fara raka shi fadama, uwarsa ta aiko mana da fura ƙwarya guda.

Yanzu ga maganar da ta ci mana shekarun ƙarshe na rayuwarsa.

Kunnen dama ya fara bin na hagu. Ni kaina, da duk baiwar da Allah ya yi mini, sai na maimaita. A masallaci yana bin sahu da ido, in na kusa da shi ya sunkuya ya sunkuya. Kawu ya kai shi asibiti a birni, aka ce akwai na'urar da ake maƙalawa a kunne, kuma akwai maganin da za a riƙa yi masa, amma abin ya fi ƙarfin gidanmu. Aka kuma ce tsohon sojan da ya nakasa a bakin aiki yana da haƙƙi, za a ɗauki nauyinsa, muddin kwamitin likitoci ya yarda cewa aikin ne ya jawo. Tsoho sojan igwa ne, ya je yaƙi Laberiya. Kawu ya ce ai wannan ko makaho ya gani.

Ranar ganin kwamiti Tsoho ya hana kowa shiga da shi. Ya sa kaftaninsa mai sitati, ya goge takalmi har ina ganin haƙorana a ciki, ya shiga yana taku. Daga baya muka ji yadda aka yi. An ce ya jiki, ya ce da sauƙi. An ce yana damunka, ya ce alhamdu lillahi. An ce yaushe ya fara, ya ce kwanan nan. Suka duba takardunsa na barin aiki suka ga shi da bakinsa ya ce lafiyarsa lau. Sai suka rubuta cewa tsufa ne, suka sallame shi da girmamawa.

Kawu ya kusa haɗiye hularsa. "Baba, wurin likita anka kai ka, ba gaisuwar suruki ba!"

Tsoho ya ce, "An tambaye ni jiki. Mi kake so in ce? In ce ma Allah ban gode ba?"

Kawu ya ce za a ɗaukaka ƙara, akwai dama. Tsoho ya ce ba inda za shi. A nan ne aka yi faɗan da ya fi kowane faɗa a gidanmu, kuma shi kaɗai ne ban isar ba. Tsohuwa ta tsaya gabansa ta ce, "Kai ka san ba tsuhwa ba na. Ni ma na sani. In ba ka hwaɗa musu ba, ni za ni hwaɗa." Ya rufe ido. Na matso ina gyara murya, sai ta ɗaga mini hannu. Ta sa yatsu biyu ta buɗe masa ido da kanta, kamar mai duba ƙwayar gujiya, ta sake faɗa a hankali. Kwana biyu bai ci tuwonta ba, a wurin amininsa yake ci. A na uku ya ce wa Kawu ya kai takardun.

Aka sa mu horar da shi. Na yafa farin mayafi, na rataya ludayi a wuya, na zama likita.

"Saje, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Tsoho! Cewa za ka yi babu sauƙi!"

"To, sake."

"Saje, ya jiki?"

Ya yi ta motsa baki kamar mai tauna ɗaci. "Da... ɗan sauƙi."

Har malamin makarantar allonmu aka kira ya gaya masa cewa faɗa wa likita ciwo ba butulci ba ne, neman magani ne, kuma addini ya yarda. Tsoho ya saurara da ladabi, ya yi godiya. Da malam zai tafi ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Tsoho ya ce ai da sauƙi.

Da safiyar tafiya Tsohuwa ta tashi tana ɗingishi, wai gwiwa ta riƙe. Ta ce mu tsaya Bodinga mu ɗauki Inna ta raka shi a madadinta. Tsoho ya ɓata fuska, amma mota na jira. Ina shiga mota na waiga na hango Tsohuwa ta bi wata akuya da gudu har ta tsallake turmi.

Sai na yi bayanin Inna. Ita ce mahaifiyata, ɗiyarsa ta fari, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Amma na Tsoho ya wuce na kowa. Har misali ake yi da shi a Shagari, ana cewa kunyar ɗiyar fari sai Saje, ko Fulanin daji albarka. In Inna ta zo gida takan durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga, ta tashi. Ƙannenta na zama su yi hira da shi, ita ba ta zama. Na taɓa tambayarta, ta yi murmushi ta ce, "Ni tun ina ƙarama na bar kiran shi. Ko na kira ba ya waigowa." Ta faɗe shi kamar ba komai, tana tsince shinkafa, amma ta daɗe a kan tsakuwa ɗaya.

A birni aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. An riga an yi masa gwaji, an sa masa wani abu a kunne an ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara, hannun bai tashi ba sai don korar ƙuda. Manya uku ne a bayan tebur, ta tsakiya likita ce mace, soja, mai jin Hausa. Ta yarda in tsaya gefensa na dama. Kawu da Inna suka zauna a baya.

Ta ce, "Baba, ya jiki?"

Na isar. Na kuma taka masa ƙafa.

Ya ce, "Da sauƙi."

Na ji Kawu ya yi wani nishi kamar an zare masa rai. Likitar ta yi dariya ta ce, "Na sani, nawa uban ma haka yake. Baba, ba mu musun ba ka ji. Gwaji ya nuna, kuma akwai tsohon tabo a cikin kunnen. Abin da ya hana a ba ka haƙƙinka shi ne kai da kanka ka ce lafiya ka bar aiki, kuma ka ce kwanan nan abin ya fara. In ba haka ba ne, yau ce ranar faɗa. Bayan yau babu wani zama."

Na isar da wannan duka, har wani ma'aikaci ya leƙo daga waje ya ga ko lafiya.

Tsoho ya dubi teburin. Ya ɗan waiga baya inda Inna take, ya mayar da kai. Na ɗauka zai ce ta fita. Bai ce ba.

Ya ce, "Can Laberiya na. Igwa ta tashi kusa da kaina ban shirya ba. Jini ya zubo ta nan. Na share da hula. In na hwaɗa, gida za a maido ni, a bar yarana na soja can babu mai duba su. Ban hwaɗa ba. Da munka dawo ma ban hwaɗa ba. Ina kallon baki, ina kallon abin da na kusa da ni ke yi. Haka na ƙare aikina."

Likitar ta ce, "A gida fa? Babu wanda ya lura?"

"Uwar ɗiyana ta sani. Na ce ta rufa mani asiri."

"Sauran mutane fa? Shekaru da yawa ne, Baba."

Na isar. A nan ne muryarsa ta canza. Bai juya ba, ya dai nuna baya da babban yatsa.

"Waccan da ke zamne. Tana ƙarama na dawo. Ranar Juma'a na hita za ni masallaci, ashe ta biyo ni da gudu tana kira. Ban ji ba. Sai da na kai ƙohwar masallaci na ga dattawa na dariya suna nuna bayana. Na waiga na gan ta ƙasa, ta hwaɗi kan dutse, haɓa na jini. Dattawa na cewa, kai, Saje da kunyar ɗiyar hwari, tana kira tana kuka ko waige. Sunka yi ta yabona." Ya ci gaba, "Sai na ga in an ce kunya, ni mutumin kirki na. In an ce kurma, aikina ya ƙare. Na bar su a kan kunya. Ta yi ta kira, shekara da shekaru, har ta bari. Ba kunya ba ta, likita. Ban ji ba."

Ni da aka ce bakina ba ya rufuwa, ranar ya rufu. Na waiga. Inna ta sa hannu a haɓarta, daidai wani ɗan tabo da na saba gani tun ina goye ban taɓa tambaya ba. Ba ta yi kuka ba. Kawu ne ya yi, da hula a fuska.

Likitar ta yi rubutu mai tsawo. Ta tambayi ko akwai wanda suke tare a can da ke raye, aka ce amininsa na Dandin Mahe. Daga baya aka je aka ɗauki shaidarsa, ya ce shi ya wanke hular da hannunsa, kuma da an tambaye shi tun farko da ba a wahalar da kowa ba.

Muka kama hanya har Bodinga. Da Inna za ta sauka ta durƙusa ta bakin taga ta ce a sauka lafiya. Ya amsa yana kallon wancan gefen titi.

Aka yi ta jira har muka fara cewa an manta da mu. Ana cikin girbin gero saƙo ya zo: an karɓi ƙarar, an rubuta cewa a bakin aiki ya rasa jinsa, za a ɗauki nauyin maganinsa. Kawu ya kai shi aka maƙala masa na'urar, 'yar ƙarama kamar ƙwayar dabino.

Wayyo, mun ga ta kanmu. Yana shigowa gida na tarye shi da murna na ce, "Tsoho, sannu da zuwa!" Ya dafe kai ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Innalillahi! Haka kike? Haka mutane ke hwama da ke duk shekarun ga? Ku ba maƙwabta haƙuri!"

Ya ce zakaranmu ba shi da tarbiyya. Ya ce tabaryar Tsohuwa ta fi igwa. Ya gano cewa Tsohuwa na yi masa gunaguni in ta juya baya, ita kuma ta gano rufe ido ya daina aiki, sai dai ya zare na'urar ya sa aljihu, ita kuma ta bi aljihun. A masallaci aka ce ranar farko da ya ji karatun liman bai iya tashi daga sujada da wuri ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Inna ta zo daga Bodinga ba ta aiko ba. Tsoho na tsakar gida a kan kujera, ya ba ƙofa baya, abin da bai taɓa yi ba sai da ya samu kunne. Yana gyaran igiyar albasa, ni ina kusa ina shan rake. Inna ta tsaya daga bakin zaure. Na buɗe baki zan sanar, ta girgiza mini kai. Sai ta ce, a hankali, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji:

"Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Bai waiga ba. Wannan karon kunyar ce ta gaske, na ga kunnuwansa har rawa suke. Sannan ya ɗan karkato wajena ya ce, "Lasihika, hwaɗa ma uwarki na ji."

Na ja numfashi zan isar, Inna ta ce, "Bari. Ni ma na ji."

Daga ranar kusan kowace Juma'a sai ta zo. Ba wata hira suke yi ba, har ya koma ga Allah bai kira sunanta ba, kuma bai dube ta ido cikin ido ba. Amma takan bi ta bayansa da tsintsiya ko da kwano, ba gaira ba dalili ta ce, "Baba." Shi kuma ya ce, "Na'am." Ta wuce abinta. Wani lokaci kafin la'asar sai ta yi haka ya fi a ƙirga, mace mai 'ya'ya biyar, har Tsohuwa ta ce za a ƙarar da batirin. Tsoho ya ce a bar ta, bashi take karɓa.

Bai cika shekara da na'urar ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa, Inna na zaune a bayansa tana riƙe da shi.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana, ya sa ciwon da ya yi ta cewa da sauƙi ya zama kaffara. Ya ba Tsohuwa haƙurin rashin abokin faɗa. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa ya ji da kunnuwansa biyu, kiran rahama, ya amsa tun a na farko, ba sai an nemo ni ba.